Harafin da ido ba ya gani, da yarinyar da ta ɓace a ƙarshen takarda

Duk wanda ya zauna a bencin lakwal a ƙasar nan ya san muryar mushe ranar dikte. Ya karanta jimla, ya maimaita, ya ɗan tsaya, sai ya ce: "Point, à la ligne." Nan take hannuwa saba'in su ɗaga bik, su koma wajen jan layin da ke gefen hagu na kaye, su sauko layi ɗaya. Ba mai lura cewa motsi biyu ya yi, komawa gefe daban, saukowa ƙasa daban. Ni ma ban taɓa lura ba duk shekarun da na yi ina riƙe da alli, sai da waɗannan motsi biyu suka kusa raba wata yarinya da karatunta, kuma ta hannuna.

Lissafi nake koyarwa a wani CEG a Maraɗi. Muna da ɗan ɗaki mai tsofaffin kwamfutoci, kuma da yake ni ne na fi kowa rawar kai a kansu, aka bar mini makulli. Ubuntu ke cikinsu, wato wani nau'in Linux. Sakatarenmu kuwa da tsohuwar Windows yake aiki a ofishin darakta. Bayan jarrabawar gwaji ta ƴan ajin BEPC, darakta ya ce yana so kowane yaro ya tafi gida da ƴar takarda mai sunansa da makin lissafinsa, iyaye su gani tun da sauran lokaci. Sakatare ya rubuta sunayen a Bloc-notes, kowane yaro layinsa, suna sannan maki. Ni kuma na ce ba sai an sake rubuta takardun ɗaya ɗaya ba, zan sa kwamfuta ta yi.

Abin da na rubuta masu sana'ar suna kiransa sikirif na shel. Kada sunan ya tsorata ku. Umarni ne ake jerawa a fayil, layi bayan layi, kamar yadda uwa ke jera wa yaro saƙon kasuwa, kwamfuta ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Nawa bai kai layi ashirin ba: ɗauko layin yaro, raba suna da maki, in makin ya kai 10 rubuta ya ci, in bai kai ba rubuta bai ci ba. Na gwada da sunaye uku da na rubuta a tawa kwamfutar, ya yi aiki lafiya lau. Da na sa fayil ɗin da sakatare ya kawo mini a kile, sai baƙin allon ya cika da shirme.

A ce sunan yaro Abdu, makinsa 14. Abin da ya kamata ya fito shi ne `Abdu : 14 sur 20`. Abin da ya fito shi ne ` sur 2014`. Sunan ya ɓace ɗungum. Masu dogon suna kuwa an cinye musu kai an bar wutsiya. Ga shi kuma ajin gaba ɗaya ya faɗi, har wanda ya ci 18, na'urar tana ƙorafin cewa abin da na ba ta ba lamba ba ce. Na buɗe fayil ɗin, na ƙura masa ido har idona ya yi ja: 14 na gani, ba ƙari ba ragi.

Umarnin da ya tona asirin shi ne `cat -A`, wanda ke nuna duk abin da ke cikin fayil, har wanda aka saba ɓoyewa. Layin ya fito haka: `Abdu;14^M$`. Alamar `$` ita ce ƙarshen layi irin na Linux. Amma wannan `^M` fa, wa ya sa shi? Na je wurin sakatare, dattijo ne da ya kusa ritaya, na ce: "Baba, me kake sawa a ƙarshen kowane layi?" Ya ce: "Ba na sa komai, Mushe. Entrée kawai nake dannawa." Na gaya masa na bincika, wai sunan abin a Faransanci retour chariot. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya tashi ya buɗe kabad, ya fiddo keken rubutun da ya fara aiki da shi, ya kaɗe ƙura, ya sa takarda.

Ya buga haruffa har ƴar ƙararrawa ta yi ƙara. Sai ya kama wani dogon hannun ƙarfe da ke gefen hagu, ya ce in duba da kyau, ya tura shi a hankali. Da farko sandar da takarda ke naɗe a kanta ta juya, takardar ta hau sama layi ɗaya. Sannan duk sashen da ke ɗauke da takardar ya zame ya koma mafari. Ya ce: "Ga chariot ɗinka nan, amalanken takarda. Hannu ɗaya ne, amma aiki biyu yake yi." Ranar na gane cewa matsalar da ke cikin kwamfutata ta girmi kwamfuta. Na kwashe makonni ina bin diddiginta, kuma ga abin da na samo.

Keken rubutun da ya fara samun kasuwa sosai shi ne na Sholes da Glidden, wanda kamfanin Remington na Amurka ya fara sayarwa a 1874. Remington bindigogi yake ƙerawa, da kuma keken ɗinki, shi ya sa na farkon suka fito a kan teburi irin na tela, har da zanen furanni, kuma da ƙafa ake taka feda a maido da amalanken takarda. Da na karanta wannan na ce ashe Bahaushe bai yi kuskure ba da ya kira abin keke. Daga baya aka bar feda aka koma hannun ƙarfen da Baba ya nuna mini. Muddin mutum ne ke zaune gaban keken, ba wata matsala: idonsa na ganin ƙarshen layi, kunnensa na jin ƙararrawa, hannunsa na yin aikin biyu a tare.

Rigimar ta faro ne da aka so keken da ke wani gari ya rubuta abin da aka buga a wani garin, ta wayar tangarahu, ba kowa zaune a gabansa. Wani Bafaranshe ma'aikacin tangarahu, Émile Baudot, ya yi rajistar wata dabara a 1874: kowane harafi a aika shi da bugu biyar na lantarki, kowane bugu ko akwai ko babu. Ƴan ajina za su gaya muku cewa biyu sau biyu har sau biyar 32 ne, to alamomi 32 ke nan. Daga sunansa aka samo kalmar baud da ake auna saurin aika saƙo da ita. A 1901 wani ɗan jarida haifaffen Niyu Zilan, Donald Murray, ya gyara tsarin don a riƙa bugawa da madannai irin na keken rubutu, saƙon ya fito a matsayin huji a jikin siririn zaren takarda. Shi ne ya ware wasu alamomi da ba sa rubuta komai, umarni kawai suke ba na'urar da ke can nesa. Ɗaya ta ce koma farkon layi. Ɗaya ta ce sauka layi ɗaya. Ta farko ake taƙaita sunanta da CR, ta biyu LF. Ni a aji ina kiransu koma-farko da sauka-ƙasa. Tsofaffin ma'aikatan gidan waya da suka yi zamani da teleks sun san su sarai, don kowace da maɓallinta.

Me ya sa ba a haɗe su sun zama alama ɗaya ba? Dalili na farko, kowace tana da amfani ita kaɗai. In ka koma farko ba ka sauka ba, kana iya sake bugawa a kan layin da ka riga ka rubuta, ka ja layi ƙarƙashin kalma ko ka ƙara mata baƙi. Dalili na biyu shi ya fi burge ni, don lissafi ne zalla. Ɗauki Teletype Model 33, na'urar da ta fito a 1963, aka ƙera fiye da rabin miliyan, ta zama bakin da mutane ke magana da kwamfutocin wancan zamani. Harafi goma take bugawa a daƙiƙa ɗaya, wato kowane harafi yana da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. A cikinta takarda ba ta zamewa gefe, kan bugun ne ke tafiya daga hagu zuwa dama. In ya kai ƙarshen layi mai harafi 72, komawarsa gida tana cin fiye da lokacin harafi ɗaya. Wayar kuma ba ta jira. In harafi ya iso kan bugun yana tsakiyar hanya, sai ya dangwala shi a tsakiyar takarda. Saboda haka aka tsara a fara aika koma-farko, sannan sauka-ƙasa: lokacin da takarda ke hawa, kan bugun yana ƙarasa tafiyarsa. Wani lokacin ma hakan ba ya isa, sai a ƙara koma-farko na biyu, ko wasu alamomin banza da ba sa yin komai sai cin lokaci. Jerin CR sannan LF, wanda yau ke cikin kwamfutar kowane ofishi, nauyin wani guntun ƙarfe ne ya haife shi.

A wannan shekarar ta 1963 aka fitar da ASCII a Amurka, jadawalin da ya ba kowane harafi lamba. Gurbi 128 ne, kuma 32 na farko duk na umarni ne irin na tangarahu. Lamba 7 tana kaɗa ƙararrawa. Lamba 10 ita ce sauka-ƙasa. Lamba 13 ita ce koma-farko. In kun ƙirga baƙaƙen Turanci daga A, na goma sha uku shi ne M, shi ya sa na'ura ke nuna koma-farko da `^M`. Baƙon da na gani a bayan makin Abdu ke nan. A wannan jadawali, in faɗa muku a gefe, an sami wuri don ƙararrawa amma ba a sami wuri don é ba, balle ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Wannan wani kuka ne na wata rana.

Da kwamfutoci suka fara ajiye rubutu a cikinsu, sai tambaya ta taso: me za a ajiye a ƙarshen layi? Nan hanya ta rabu uku, kuma ba wanda za a ce wawa ne a cikin masu rabuwar.

Masu gina wani babban tsari mai suna Multics a tsakiyar shekarun 1960, haɗin gwiwar jami'ar MIT da General Electric da Bell Labs, suka ce fayil bai kamata ya ɗauki larurar na'urar bugu ba. A ajiye alama ɗaya, sauka-ƙasa, ta zama ma'anarta sabon layi. In an zo bugawa, wani ɗan sashe na tsarin ya duba irin na'urar da ke gabansa, ya ƙara mata koma-farko da duk jinkirin da take buƙata. Bell Labs ta janye daga aikin a 1969, amma Ken Thompson da Dennis Ritchie suka tafi da wannan ra'ayi cikin Unix da suka fara ginawa a shekarar. Linux ya gaji al'adar Unix, Android kuma a kan Linux yake zaune. Har gobe wannan ɗan sashe mai ƙara koma-farko yana nan yana aiki a ɓoye, kuma Unix tana kiran baƙin allo tty, gajeren sunan Teletype, alhali ba sauran takarda ba sauran ƙarfe. Malamin da ke da Linux zai iya nuna wa yara: ya rubuta `stty -onlcr`, sannan `ls -l`. Layukan za su fito kamar matakalar bene, kowane yana farawa daga inda na sama ya tsaya, don ana sauka ba a komawa. `stty sane` ke maido da hankalin allon.

Hanya ta biyu ta kamfanin DEC ce da ire-irensa, waɗanda suka ajiye alamomin biyu a fayil yadda Teletype ke son su, a tura kai tsaye ba gyara. Gary Kildall ya bi wannan a CP/M, tsarin ƙananan kwamfutoci da ya rubuta a 1974. A 1980 Tim Paterson ya rubuta 86-DOS don ya yi daidai da CP/M, Microsoft ta saye shi, ya zama tsarin IBM PC da ya fito a 1981, kuma Windows ta gada daga nan. Dokokin farko na intanet ma wannan suka ɗauka: ƙa'idar aika imel ta 1982 ta ce kowane layi ya ƙare da CR da LF, kuma haka ake yi har yau. Hanya ta uku ta Apple ce, wadda ta zaɓi koma-farko ita kaɗai a Apple II na 1977 da Macintosh na 1984, sai a 2001 da ta kafa sabon tsarinta a kan Unix ta dawo sahun sauka-ƙasa. Ku dubi maɓallin Entrée na kwamfutarku. A yawancinsu akwai kibiya da ta sauko ta lanƙwashe hagu. Motsin biyu ne aka zana.

Yanzu shirmen da na gani ya zama a fili. Baba ya danna Entrée, Windows ta sa 13 da 10. Shel ɗina ya san 10 kaɗai a matsayin ƙarshen layi, sai ya ɗauki 13 a matsayin wani ɓangare na makin. Da ya zo rubutawa, ya rubuta `Abdu : 14`, ya ci karo da koma-farko, allon ya yi biyayya kamar Teletype na 1963, ya koma mafarin layi bai sauka ba, ya rubuta ` sur 20` a kan sunan yaron. Haruffa bakwai suka danne bakwai, 14 ya rage a ƙarshe. Gwajin ko maki ya kai 10 kuwa ya lalace ne don 14 mai jela ba lamba ba ce, kuma ni ban tanadi hanya ta uku ba, duk wanda gwajinsa bai tafi daidai ba sai ya faɗa cikin waɗanda ba su ci ba. Maganin layi ɗaya ne: `tr -d '\r'` yana tsince duk koma-farko daga fayil. Akwai kuma `dos2unix` mai yin wannan aikin, da `file` mai gaya maka tun farko irin ƙarshen layin da fayil ke ɗauke da shi.

Ciwon yana tafiya ta kowace fuska. Da na mayar wa Baba sakamakon a kile, tsohon Bloc-notes ɗinsa ya nuna masa ajin duka a layi ɗaya mai tsawon igiyar rijiya, don bai ga 13 ba, bai yarda an sauka ba. Sai a 2018 Microsoft ta koya wa Bloc-notes karanta layin Unix, fiye da shekara talatin bayan fitowarsa. Wata rana kuma na gyara sikirif ɗin kansa a kwamfutar ofis, na dawo da shi, shel ya riƙa cewa `$'\r' : commande introuvable` a duk inda na bar layi fanko. Yana neman wani umarni ne mai suna koma-farko, bai same shi ba.

Ba duka laifin Windows ba ne, kada ƴan Linux su yi murna. A cikin gidan Unix ma akwai tsohuwar gaba a kan umarnin `echo`, wanda aikinsa kawai ya maimaita abin da aka ba shi. Reshen jami'ar Berkeley da reshen kamfanin AT&T sun saɓa kan yadda za a ce masa ya sauka layi ko kada ya sauka, kuma da aka zo rubuta ƙa'idar POSIX ba a raba gardamar ba, aka bar wa kowane tsari zaɓinsa, aka ba da shawarar a yi amfani da `printf`. Sakamakon yana kan teburina. Na rubuta `echo "suna\nmaki"`. In na tada sikirif ɗin da `bash`, shel ɗin da Brian Fox ya fitar a 1989, sai ya rubuta `\n` ɗin ƙiri-ƙiri a tsakiyar kalmomin. In na tada shi da `sh`, wanda a Ubuntu tun 2006 wani shel ne daban mai suna dash, sai ya sauka layi. Fayil ɗaya, kwamfuta ɗaya, sakamako biyu. Tun ranar na koma `printf '%s\n'`, ban sake waiwayar `echo` ba sai don gaisuwa. Akwai kuma tarkon alamar zance: in ka tara sunaye a cikin `$jeri`, ka rubuta `echo $jeri` tsirara, shel yana yayyanka abin kalma kalma ya haɗa da fili, layuka su narke su zama ɗaya. In ka rufe shi, `"$jeri"`, layukan su tsira. Wannan ɗabi'a tun shel ɗin Stephen Bourne na 1979 take, kuma ba za a canza ta ba, don rubuce-rubucen shekara arba'in sun dogara da ita.

Duk waɗannan kurakurai ne masu ihu. Kana gani ka san an yi ɓarna, ka tsaya. Wanda ya kusa cin yarinyar shiru ya yi.

Bayan na tsince koma-farko, komai ya fito tsaf. Sunaye cikakku, maki daidai, masu ci sun ci. Na ma yi abin da nake gaya wa yara kullum, na duba aikina: na tambayi `wc -l` layi nawa ne a fayil ɗin, ya ce 73. Na ƙirga takardun da suka fito, 73. Na yanka su da almakashi, aka raba ranar Juma'a, na tafi gida ina jin kaina gwani. Ajin kuwa mutum 74 ne.

Ga inda gizo ke saƙa. A al'adar Unix, kuma haka POSIX ta rubuta, layi ba ya zama layi sai an rufe shi da sauka-ƙasa, kamar buhun gero da ba a lissafa shi cikin kaya sai an ɗaure bakinsa. Buhu 74, ɗauri 74. Mai rubutu a Bloc-notes kuwa yana ɗaukar Entrée kamar iyaka tsakanin gonaki: gona 74 a jere, iyaka 73, ta ƙarshe ba ta buƙatar komai a bayanta. Yarinyar daga wani gari aka maido ta a tsakiyar shekara, don haka sunanta ne na ƙarshe. Baba ya rubuta sunan da makin, ya adana, bai danna Entrée ba, kuma ba dalilin da zai sa ya danna. Umarnin `read` ya karanto layinta, ya kai ƙarshen fayil bai ga ɗauri ba, ya ba da rahoton cewa kaya sun ƙare, zagayen ya tsaya kafin a rubuta takardarta. Shi kuma `wc -l` da na kafa shaida, ba layuka yake ƙirgawa ba, ɗauri yake ƙirgawa. Shaidu biyu na kira, ashe ƴan gida ɗaya ne. Rajistan aji yana cikin aljihun teburina, ban buɗe shi ba. Gyaran bai fi rabin layi ba, a ƙara `|| [ -n "$suna" ]` bayan `read` don a karɓi buhun ƙarshe ko ba a ɗaure ba, amma sai wanda ya san ramin ke tsallake shi.

Ranar Litinin da safe mahaifinta ya zo, tana biye da shi, idonta ya kumbura. Mutum ne mai sanyin magana, irin waɗanda ba sa ɗaga murya don sun riga sun yanke hukunci. Ya ce: "Mushe, ƴaƴan maƙwabta duk sun kawo takarda, ban da ita. Ta ce ta zauna jarrabawar. In ta zauna, ina takardarta? In kuwa yawo take zuwa, gara ta zauna gida ta taya uwarta sana'a, in san inda take." Kwana biyu ke nan ana wannan magana a gidansu, tana rantsuwa, ba mai yarda, don ga takardun kwamfuta a hannun kowa.

Darakta ya juya wajen sakatare, ya fara cewa ai shi ya manta da sunan. Baba bai ce uffan ba, ya buɗe fayil ɗinsa, ya juya allon. Ga sunanta a layin ƙarshe, ga 15. Na ce: "Darakta, aikin Baba daidai yake. Ni ne na rubuta abin da ya tsallake ta." Ban ji daɗin faɗar haka a gaban uba da ƴarsa ba, amma da na yi shiru da dattijon ya sha faɗa a kan maɓallin da ba wanda ya taɓa ce masa ya danna. Na je na ɗauko takardar jarrabawarta daga cikin ƙunshin, da rubutun hannunta da jan bik ɗina a kai, na miƙa wa uban.

Ya daɗe yana dubawa. Ya ce: "To, Mushe, in sunanta yana ciki, me ya hana na'urar ta gan shi?" Na rasa ta inda zan fara, ko daga Baudot ko daga kan bugun Teletype. Na ce: "Baba, kamar buhu ne aka cika ba a ɗaure bakinsa ba, mai ƙirga ya wuce shi." Ya gyaɗa kai, ya ce wannan ya gane, yana faruwa a tasha. Ya dubi ƴarsa, bai ce mata komai ba, amma ya miƙa mata takardar ta riƙe.

Na ce ya ba ni minti biyu in gyara in fiddo mata tata takardar kamar ta kowa. Ya ɗaga hannu. Ya ce: "A'a, Mushe. Rubuta mini da hannunka, ka sa hannu, darakta ya buga hatimi. Ita zan kai wa uwarta." Baba ya yago mini takarda daga kaye, ya miƙo bik. Na rubuta sunanta, na sauka layi, na rubuta 15 sur 20.